Littafin Clermise

Ni ne ke ɗaukar ta a babur.
Talata da Juma'a, kafin zakara ya gyara murya,
takan fito da jakar leda a hammata
ta ce, "Wilfrido, ban da gudu,
ƙasusuwan nan ba ni da na canji."

Mu ratsa gonakin rake na Barahona,
rake dama, rake hagu, ya fi mutum tsayi,
ganyensa na tsaga fata kamar reza.
Ubanta ya sare shi shekara arba'in,
ya mutu yana shan kofinsa ba sukari.

Cikin jakar akwai littafi mai jan bango.
Ba addu'a a ciki, ba lissafin bashi.
Sunaye ne zalla:
waɗanda aka yanke wa cibiya a ƙasar nan,
amma in sun je ofis neman takarda
sai a karanta fatarsu kafin su buɗe baki,
a ce su koma inda suka fito.
Ina suka fito?
Daga cikin uwarsu.

Takan rubuta suna, ta rubuta ungozoma,
ta rubuta ko an yi ruwa a daren.
Ba ta iya jawabi ba.
An taɓa miƙa mata lasifika a taro,
ta riƙe ta kamar an ba ta kifi mai rai.
Amma duk ranar da motar kame ta shigo unguwa
bayanta ake taruwa,
ita da ba ta kai kafaɗata ba.

Wayarta mai tsagaggen gilashi ta fi ta yawo.
Jandira, lauya, na kira daga Bahia,
kowa da harshenta,
su haɗu a tsakiya kamar masu tsallaka rafi
da zani a tattare.
Matan da ke goge benaye a Lisbon da asuba
sukan haɗa ɗan abin da ya samu:
"Na man babur ne."
Wato nawa.
Wani ɗalibi a Kingston yana adana hoton kowane shafi.
Na tambaye ta me ya haɗa su da mu.
Ta ce, "Takalmi ɗaya ne ke taka mu,
ƙafar ce kawai ke sauyawa."

Wata Juma'a, a shingen hanya,
ba su nemi takarduna ba, nata suka nema.
Kafin a rufe ƙofar ƙarfen
ta cillo mini jakar.
"Shafi na ɗari da tara," in ji ta,
"akwai jaririyar da ban ƙarasa ba."

Ba zan yi ƙarya ba.
Kwana tara littafin na cikin buhun shinkafa.
Kwana tara ina cin abinci a tsaye.
Ni direba ne,
rubutuna kamar kaza ta bi ta kan taɓo.

A na goma waya ta yi ƙara.
Daga can bayan Jimaní,
ƙasar da aka ce tata ce,
wadda ta fara gani tana da shekara sittin da uku.
Na ji iska, na ji akuya na kuka kusa da ita.
"Na sayi sabon littafi," ta ce,
"shuɗi ne, ba su da ja.
Nan ma an jibge mutane, ba mai ƙirga su.
Kai fa?
Ka ƙarasa shafin?"

Na tayar da babur.
Gida na uku bayan famfon da ba ya kawo ruwa.
Uwar ta fito da ita a kafaɗa, tana barci,
gashinta duk gumi.
Na ɗora littafin a kan tankin mai,
hannuna na rawa.

"Yuderkis," in ji uwar.
Ta leƙo ta ga abin da na yi.
"A'a. Da Y ake farawa.
Goge ka sake."